Kalandula a bokitin fenti: yadda lambuna na tsakar gida yake tafiya

Asabar, 12 ga Oktoba 2024

Bismillah. Zan riƙa rubuta komai game da ɗan lambun nan da nake son yi, don kar baɗi in manta abin da na yi daidai da wanda na ɓata. A unguwar Rijiyar Zaki a Kano muke, tsakar gidan duk siminti ne, don haka komai a bokiti da buhu zai zauna.

Dalilin abin dai Umma ce. Duk shekara sanyi na shigowa dunduniyarta take fashewa, faso irin mai zurfin nan da har sai ta riƙa ɗingishi in za ta fita alwalar asuba, mun gwada basilin mun gwada mayuka kala-kala. Bara ƙanina da yake karatu a Masar ya zo hutu da wani ɗan gwangwanin man kalandula, wato man shafawa da ake yi da furen wata shuka mai suna kalandula, ta shafa kamar sati biyu tace ƙafar ta yi laushi, kafin sanyin ya wuce man ya ƙare. Da zai dawo bana nace kar ya sayo man, irin zai sayo min. Gashi a hannuna, ƙwaya 60 na ƙirga, a lanƙwashe suke kamar busasshiyar tsutsa wasu har da ɗan ƙaya-ƙaya a baya.

Amma kafin irin ya iso na riga na yi asarar farko. Watan jiya na je wajen masu sayar da fulawa a bakin titi cikin Nasarawa, na nuna hoto a waya, yaron yace Hajiya ai marigol ce akwai, ya ba ni guda 3 a leda kan naira 700 kowacce. Sai da ƙanina ya gani yace Yaya wannan ba ita ba ce. Turawa duka biyun marigol suke ce musu, nan rikicin yake. Wadda na sayo asalinta daga Meziko ne, ganyenta a tsattsage yake yana da wari mai ƙarfi, irinta kuma siriri ne baƙi a miƙe kamar allura. Ita kalandula ta yankin Bahar Rum ce, kudancin Turai, ganyenta dogo ne kamar harshe ba tsaga ko ɗaya. Ban zargi yaron ba, abin da ya sani ya sayar min. Na bar su a bakin ƙofa suna ado, amma ba za su shiga man da za a shafa wa Umma ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau aikin ƙasa. Tsofaffin bokitan fenti 6, naira 800 kowanne, 4,800 kenan. Na wanke su sosai, Abbansu ya zafafa ƙusa ya huda gindin kowanne wuri biyar-biyar. Takin awaki rabin buhu 1,500, na dage sai wanda ya kwana biyu ya ruɓe ya zama gari don ɗanye ƙona shuka yake. Yashi 1,000. Ƙasar kuma daga filin da ake gini a bayan layinmu yara suka ɗebo da izinin mai gadi. Haɗin da na yi: ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, taki kashi 1.

Na'a-na'a da ɗaɗɗoya ban nemi iri ba, a Yankaba na sayo ɗauri-ɗauri na 200-200, na zaɓi rassa masu ƙwari na cire ganyen ƙasa na tsoma a kofin ruwa, in sun yi saiwa in dasa. Na'a-na'a a tsohon baho za ta zauna ita kaɗai, don in ta samu wuri yaɗo take ta ƙarƙashin ƙasa ta cinye na kowa. Maman 'yan biyu ta tsago min ciyawar shayi daga gindin tata, da ɗan alobera guda ɗaya, suna buhun siminti.

Talata, 22 ga Oktoba

Na shuka kalandula ƙwaya 25 a tsohon tire mai zurfi, zurfin kamar rabin gaɓar yatsa, na rufe da ƙasa. Ba wuta tun jiya.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Duk sun mutu. Bari in rubuta yadda aka yi dalla-dalla don shi ne abin da ya fi min ciwo.

Cikin 25 guda 7 ne kawai suka tsiro, a kwana na shida da na bakwai. Na yi murna har na kira Umma ta zo ta gani. To rana a kwanakin nan ba wasa, waya tana nuna 35 da azahar, simintin tsakar gida kuma in ya ɗau zafi har bayan isha'i yana huci, ni kuma a kan simintin na ajiye tiren kai tsaye. Da na ga suna yaushi sai na ƙara ruwa, safe, rana, yamma, ƙasar ta zama caɓi ga zafi daga ƙasa, washegari na tarar da uku sun kwanta, daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi baƙi kamar an murɗe zare. Kwana biyu sauran suka bi su. Ga kuma wutar nan da aka ɗauke a Arewa sama da sati, masu burtsatse ba sa iya jan ruwa sai da janareta, jarkar da muke saya 100 ta koma 200 kuma sai ka yi sa'ar ganin ɗan garuwa, a cikin wannan halin nake zuba ruwan da ya kashe su.

Da safen nan Baba mai kayan miya ya zo da kurarsa, shi tsohon ɗan lambu ne a bakin Jakara, na nuna masa tiren da hoton furen. Ya murza ƙasar a hannu yace, “Hajiya, wannan abin na ƙasar sanyi ne ko?” Nace eh Baba. Yace, “To ai kin yi gaggawa. Mu letas da karas da kabeji ba ma sa su sai iskar hunturu ta fara kaɗawa, alkama ma a Kadawa sai Nuwamba. Ki jira ki ji kina neman bargo da asuba.”

Wallahi maganar nan ta warware min komai. Duk abin da na karanta a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta, suna cewa a shuka in sanyi ya wuce ta yi fure lokacin zafi, to zafinsu ai shi ne sanyinmu. Na tambayi ƙanina yace a Masar ma wajen Fayyum da sanyi ake nomanta. Saura ƙwaya 35, na ɗaure su na sa a durowa, ba zan taɓa ba sai tsakiyar Nuwamba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na'a-na'a da ɗaɗɗoya sun yi saiwa fara tas, na dasa. Ciyawar shayi ta fara sabon toho daga tsakiya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Hazo ya sauko kwana uku kenan, leɓe ya fara bushewa, jiya da asuba sai da na jawo bargo. Na shuka 30, na bar 5 saboda tsaro. Wannan karon na ƙara yashi a ƙasar tiren, na ɗora shi kan bulo biyu don iska ta bi ta ƙasa, na kai shi gefen katangar gabas inda rana ba ta dukan sa sai hantsi zuwa azahar. Ruwa sau ɗaya da safe, da gorar ruwa da na huda murfinta, kuma sai na sa yatsa na ji saman ƙasar ya sha iska tukunna.

Na yayyafa lansir da hulba a wani buhun da na kwantar. Hulbar ta kicin ce kawai na jiƙa ta kwana.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Alhamdulillah, 22 cikin 30. Karansu gajere mai kauri, ba irin siraran farko ba. Lansir tun kwana na uku ya rufe buhu kore shar.

Litinin, 2 ga Disamba

Ƙadangaru. Na san suna hawa katanga suna shan hantsi amma ban kawo za su sauko tire ba. Shekaranjiya na ga biyu sun ɓata na ɗauka yara ne, har na yi wa auta faɗa yana ta rantsuwa, jiya ina wanke-wanke da idona na ga wani jan gwada ya sauko ya tsinke kan guda ɗaya ya haɗiye ya koma. Kafin in farga 8 sun tafi, saura 14. Lokacin rani ba ɗanyen ganye a unguwa, duk abin da ya yi kore suna gani daga nesa. Na ba auta haƙuri.

Na ɗauko tsohon gidan sauro da ya yage a gefe, Abbansu ya kafa sanduna huɗu a cikin bokitai muka lulluɓa muka danne gefen da bulo. Haske yana shiga, ƙura ma ta ragu.

Yau kuma na dashe 12 mafi ƙwari zuwa bokitai, biyu a kowanne, da yamma bayan la'asar don kar rana ta same su a sabon wuri. Da cokali na ɗago kowanne da ƙasarsa, saiwar ba ta son a taɓa ta. Biyun da suka rage na ba Maman 'yan biyu. Na san biyu a bokiti ɗaya sun ɗan matsu, kamata ya yi a bar kamar taƙi ɗaya da ɗori tsakani, amma iya bokitan da nake da su kenan.

Asabar, 7 ga Disamba

Mun yi kwaɗon lansir na farko da ƙuli da tumatir da albasa. Umma ta ci har da ƙari.

Lahadi, 15 ga Disamba

Darɓa ta shigo. Ƙanana kore-kore sun taru a bayan ganyen ɗaɗɗoya da kan tohon kalandula, ganyen yana nannaɗewa yana danƙo, ga kiyashi suna ta hawa da sauka don zaƙin da darɓar take fitarwa suke bi. Na san ruwan sabulu yana kashe ta, to maimakon in nemi sabulu mai sauƙi sai na ɗebi garin wanki cokali biyu na kaɗa a gora na fesa, kuma da tsakar rana. Kafin magariba ganyen ya yi tabo-tabo ruwan ƙasa kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Washegari na wanke su da ruwa zalla amma guda 2 da suka fi ƙanƙanta ba su tashi ba. Saura 10. Ɗaɗɗoyar ma ta zubar da rabin ganyenta.

Da na faɗa wa Baba mai kayan miya yace garin wanki ai na tufafi ne yana da kaifi, ya koya min nasu: ganyen darbejiya cikin hannu biyu a daka, a jiƙa a ruwa kamar lita 2 ya kwana, a tace, a narka sabulun salo ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa a ciki don ya kama ganye, a fesa da yamma rana ta yi sanyi, musamman bayan ganyen inda suke ɓuya. Darbejiya a ƙofar gida take kyauta, sabulun salo na 300 na saya. Na fara gwadawa a kan guda ɗaya na jira kwana, ba ƙuna, sannan na yi wa sauran. Zan maimaita bayan kwana 4, sai kuma wani bayan sati.

Laraba, 25 ga Disamba

Darɓa ta yi sauƙi sosai. Na tsinke kan kowace kalandula da farce don ta yi rassa. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk bokiti ɗaya muke tarawa yanzu, jarka ɗaya ta lambu tana isa kwana guda.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Fure na farko ya buɗe, kwana 54 daga shuka. Ruwan lemo mai haske sosai, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, tsakiyarsa ya ɗan fi duhu. Da asuba waya tana nuna 13, kowa yana rawar ɗari a cikin rigar sanyi, ita kuwa ganyenta a miƙe kamar yanzu ta samu abin da take so. Na tsaya a kanta na daɗe. Umma ta fito da sandarta tace, “Wannan ce ta sa kika hana kanki barci?” Nace ita ce Umma, tace to Allah ya sa albarka.

Abin da yara suka fi so shi ne da yamma furen yana rufewa, da safe rana ta fito ya sake buɗewa, auta har gadin sa yake. In ka taɓa koren gindin furen sai yatsa ya yi danƙo da wani ƙamshi mai ɗan ɗaci, wannan danƙon ana so ya shiga cikin mai, shi ya sa ake tsinko kan gaba ɗaya, ba 'yan ganyayyakin furen kawai ba. Ƙanina yace sunan daga Latin ne, kalmar da Rumawa suke kiran ranar farko ta wata, saboda a ƙasarta kusan kowane wata tana cikin fure.

Na cire gidan sauron, sun girma sun fi ƙarfin ƙadangare, kuma ina so ƙudan zuma su samu shiga saboda iri.

Asabar, 18 ga Janairu

Yanzu duk bayan kwana biyu ina tsinkar 12 zuwa 18, da hantsi bayan sun buɗe. Da farko tausayin tsinka nake ji, ashe in ka bar furen ya tsufa a jiki shukar ɗauka take ta gama aiki ta koma yin iri, in kana tsinka kuwa sai ta yi ta turo sabo. Wasu sun fito rawaya, guda uku.

Shanya a inuwa ake yi, rana tana kashe launin. Na jera su a faifai fuska ƙasa a ɗakin da ba kowa, na rufa tsohon mayafi shara-shara saboda ƙurar hunturu, in ba haka ba kwana ɗaya sai ka rubuta sunanka a kai.

Asabar, 25 ga Janairu

Man zaitun rabin lita 9,000. Na cika kwalbar zuma da furen da ya kwana 5 a faifai, na zuba rabin man ya rufe su, na ajiye a saman kabad. Sati 4 zuwa 6 ake so ya jiƙu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Innalillahi. Man ya lalace.

Tun shekaranjiya na ga ya yi gajimare a ƙasan kwalbar nace ko haka yake yi, yau na buɗe wani wari mai tsami ya buge ni, ga fumfuna fara-fara a kan furannin da suka taso sama suka fito daga cikin man. Na zauna a bakin gado na rasa abin cewa, don ba kuɗin man kaɗai ba ne, furen sati biyu ne a ciki, kuma sanyi yana ta tafiya ƙafar Umma tana nan yadda take.

Da na nutsu na ɗauko ɗaya daga cikin na faifai na fasa shi biyu. Ganyayyakin waje sun bushe ƙaƙas har suna karyewa, shi ya ruɗe ni, amma koren gindin nan mai kauri cikinsa da laushi da danshi. Iskar hunturu tana busar da waje da sauri ta bar ciki. Ruwa da mai kuwa in suka haɗu a rufaffiyar kwalba ɓaci ne kawai. Kuskure na biyu, ban danna furen ƙasa ba, wasu suna leƙowa sama suna shan iska. Kwalbar ma na wanke ta da safe na zuba da rana, inaga akwai sauran laima a murfin.

Maman 'yan biyu tace in tace in tafasa a yi amfani da shi kar a yi asara, nace a'a Maman 'yan biyu, abin da za a shafa a fasasshiyar fata ba zan sa mai fumfuna ba. Na zubar. Asara 4,500 da fure kusan 90.

Daga yau sai fure ya yi kwana 10 zuwa 14 a faifai, kuma sai na fasa gindin na ji ya karye ƙas.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Akwai wanda na tsinka tun 20 zuwa 27 ga Janairu da bai shiga kwalbar farko ba, na fasa guda biyar duk sun bushe har ciki. Tunda ba lokacin jiran sati 6, hanyar ɗumi na bi. Na murmushe furen a kwalba busasshiya da ta kwana biyu a kife, na zuba sauran man, na shimfiɗa ƙyalle a gindin tukunya na zuba ruwa zuwa rabin kwalbar, wuta ƙasa-ƙasa. Ba a so ya tafasa, in ya yi zafin suya furen soyewa zai yi. Ma'aunina shi ne in iya sa yatsa a ruwan in ƙirga biyar. Awa 4 ina kunnawa ina kashewa, kwalbar a buɗe don tururi ya fita, ina kula kar ɗigon ruwa ya faɗa ciki. Na bar shi ya kwana, gobe in maimaita sannan in tace.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Man ya fito ruwan zinare, kamar mil 200 bayan na matse a ƙyalle mai tsafta. Na shiga Kurmi na sayo kakin zuma na 2,000, man kaɗanya na 1,500, ƙananan robobi masu murfi 6 kan 1,500. Kakin sai da na narka na tace shi daban don akwai datti da ƙafafun zuma a ciki.

Haɗin: kaki giram 40 a sikelin kek ɗina, wato kamar kashi 1 na kaki ga kashi 5 na mai, da man kaɗanya cokali 3 manya, duk a kwano a kan ruwan zafi har suka narke. Na ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ya daskare na murza, ya yi min laushi da yawa, na tuna zafin Afrilu a Kano zai mayar da shi ruwa a cikin roba, sai na ƙara kaki ɗan kaɗan. Roba 6 sun kusa cika.

Ban kai wa Umma kai tsaye ba. Na shafa a cikin hannuna da nata ɗan wuri kaɗan, mu jira kwana mu gani, don kalandula dangin furen rana ce kuma akwai masu jikin da ba ya shiri da wannan dangin, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Maman 'yan biyu ta roƙi roba ɗaya don surukarta mai ciwon suga, nace mata mai suga in ƙafarsa ta fashe asibiti ake fara zuwa, ba a wasa da ita, kuma ko wa ye kar a cusa man nan a rauni mai zurfi ko mai ruwa. Na ba ta ta shafa wa yaranta a gwiwa da leɓe. Mai juna biyu kuma kar ta sha shayin furen.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwana 11 Umma tana shafawa. Bayan isha'i ina jiƙa mata ƙafar a ruwan ɗumi minti 10, in goge kaushin a hankali da dutse, in tsane, in shafa, ta sa safa ta kwanta. Ƙananan tsagun sun rufe, babban na dunduniyar hagu ya ragu sosai, jiya ta taka zuwa gidan Yaya a layi na uku ba ɗingishi. Ba zan ce duk aikin kalandula ba ne, jiƙon da safar da man kaɗanya kowanne da rabonsa, sanyin ma ya fara sassautawa. Amma dai ba mu taɓa zama kullum muna yi mata hidimar ƙafar nan ba sai bana da man ya zama namu, kuma a wannan zaman take ba ni labarin yadda kakarmu take dafa man kaɗanya da kanta a ƙauye, abin da ban taɓa ji ba.

Na barbaɗa 'yan ganyayyakin furen a farar shinkafa ta yi launi mai kyau, ɗanɗanon ba wani mai yawa ba. Hulba ta gama, na tuge. Alobera ta haifi 'ya'ya biyu a gefe.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗau azumi yau. Shayin buɗa baki daga lambu gaba ɗaya, na'a-na'a da ciyawar shayi da ɗan ganyen ɗaɗɗoya, citta kawai aka saya. Zafi ya fara dawowa, furen kalandula ya ƙanƙance kuma ganyen ƙasa yana yin wani fari-fari kamar an barbaɗa gari, ina cire masu shi ina zubarwa nesa. Na ɗaura jan zare a kan furanni 15 mafi girma, waɗannan ba za a tsinka ba, na iri ne.

Asabar, 22 ga Maris

Waya tana nuna 39 da azahar. Kalandula ta gama, ko an ba ta ruwa safe da yamma a kwance take wuni. Kawunan da na ɗaura wa zare sun bushe sun zama ruwan ƙasa, na murza su a faifai irin ya zubo, lanƙwasassu irin waɗanda ƙanina ya kawo, na ƙirga 200 na gaji na daina. Na sa a ambulan na rubuta kwanan wata, tare da 5 ɗin nan na asali, cikin gwangwani a ɗakin da ya fi sanyi. Na tuge shukokin, bokitan na juye ƙasarsu na gauraya da sauran taki, ɗaɗɗoya za ta shiga uku don ita zafi da damina take so, ukun kuma yakuwa da zarar ruwa ya sauka. Na'a-na'a na janyo ta ƙarƙashin rumfa.

Lissafi: kayan da na saya tun daga marigol ɗin kuskure har robobi 24,100. Ruwa wajen 14,000. Abin da ke hannu: roba 3 na man da suka rage, busasshen fure cike da kwalba biyu manya, iri, da bokitai da ba sai na sake saya ba.

Tsarin baɗi in Allah ya kai mu. Busasshen furen nan zan rufe shi ruf a wuri mai duhu, in duba shi cikin Agusta saboda laimar damina, farkon Satumba in jiƙa shi a mai ta hanyar sati 6, man ya zama a shirye kafin hazo ya sauko ba sai ƙafar Umma ta fashe ba. Shuka kashi biyu, rabi a satin farko na Nuwamba in dare ya fara sanyi, rabi bayan sati biyu, gidan sauro tun ranar farko, ɗaya a kowane bokiti. Ina buƙatar ƙarin bokiti 6 da faifai 2. Baba mai kayan miya yace in ajiye masa ƙwaya 30 zai gwada a gefen kwamin letas ɗinsa, na ware masa a takarda daban, jibi in ya zo zan ba shi.